Shafin 'yan sanda ya fi caji ofis amfani ga talaka?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Jiya a majalisarmu na yi wata magana aka yi mani ca. Cewa na yi, yau a Katsina shafin 'yan sanda na Facebook ya fi caji ofis amfani ga talaka. Da can sai ka jira labaran rediyo. Yanzu a kama ƙauraye da dare, kafin ka gama shayin safe kakakin runduna ya ɗora hotonsu, ga wuƙaƙe da wayoyi jere a ƙasa. A irin hoton nan maƙwabcina ya gane babur ɗinshi, da wani jan ƙyalle da ya ɗaure a madubi.

Malamar Firamare: Yaya, ganin babur daban, karɓo shi daban. Kuma sau da yawa doguwar sanarwa ce da Turanci. Gwaggona ta Batsari ta karanta me? Ka duba Kano, kakakin 'yan sandansu Abdullahi Haruna Kiyawa da Hausa yake yi wa mutane magana, shi ya sa ake tururuwa shafinshi.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, ko da Hausar aka rubuta akwai sauran aiki. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 cikin 34 na jihar nan: Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da sauransu. Inda wuta ke ci kenan. Ɗan'uwana sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya kira ni ya ce suna nan lafiya. Wata uku kusan aka yi a haka. Wanda ya fi buƙatar ɗan sanda shi ne ba ya da data, wani ko cajin waya sai ranar kasuwa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Baba, ban musa ba. Amma ku tuna Disambar 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Kowa da adadinshi a WhatsApp, iyaye na kuka, daga baya gwamnati ta ce 344 aka sako. Wurin da jita-jita ke yawo, can ya kamata hukuma ta tsaya da bakinta. In ta yi shiru, mai ƙarya ya ci kasuwa.

Ɗalibin Lauya: Ni abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ne holin nan da kake yabo. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Legas ta hana holin waɗanda ake zargi tun 2021. A tsugunar da yaro, a ɗauki fuskarshi, mutane su cika ƙasan hoton da "a kashe su kawai". In alƙali ya sallame shi, wa ke komawa ya goge? Ranar neman aure dangin yarinya su zaro hoton.

Malamar Firamare: Wallahi nan ka taɓo inda ke yi mani ƙaiƙayi. Ba a taɓa ɗora hoton wanda aka wanke.

Mai Shagon Waya: Ni dai na ci moriya. An tsare ƙanena a wani ofis, aka ce sai kuɗi, ga "beli kyauta ne" rubuce a bango. Na aika ƙorafi ga sashen karɓar koke da 'yan sanda suka buɗe a 2015, suna da WhatsApp. Kafin magariba yaro ya dawo gida, ba ko sisi.

Baba Mai Ritaya: Madalla. Sai dai abu guda, 'ya'yana: kar wanda ya rubuta sunan ƙauyensu ko motsin 'yan bindiga a ƙarƙashin sanarwa. Infoma ma na karantawa, da sunanka da hotonka a gabanshi. Lambar gaggawa za ku kira.

Malamar Firamare: To Yaya, ba ka ƙarasa mana ba. Maƙwabcin naka ya karɓo babur ɗin?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Ya karɓo, bayan sati uku na je-ka-ka-dawo. Ƙyallen suka miƙo mashi a hannu, madubin dai har yau ana bincike.