Wace kalma za mu sa wa "hai firikwansi" na murya?

Jama'a, ina neman taimako. Wani shirin rediyo nake shiryawa kan raunin ji, na maƙale a kalma ɗaya.

Ga abin da ya jawo. Kawuna ya yi shekaru yana tsaye kan injin niƙa a Kurna. Ranar nan na buga masa waya na ce, "Kawu, an kawo fatar." Sai na ji ya yi salati, ya ce, "Satar me aka yi?" A gida ma kullum maganarsa ke nan: "Ina jin ka, ɗan nan, ganewa ce ban yi ba." In ka ɗaga murya, ya ce kana masa tsawa.

Kuma da gaskiyarsa. Sauti kaɗawar iska ne, ana ƙirga sau nawa take kaɗawa a daƙiƙa, shi ne firikwansi a Turance, ma'aunin shi ne haz. Kunnen yaro mai lafiya yana kama daga 20 zuwa 20,000. Gindin muryar namiji bai cika wuce 180 ba, kuma a nan ƙasa karin sauti, wato hawa da saukar murya a kalma, yake zaune, ƙarfin wasula ma ba shi da nisa da nan. Amma s, sh, ts da f can sama suke, yawancin ƙarfin s yana haura 4,000. Tsufa da ƙarar inji kuwa saman suke fara ci, ƙarar inji ma kusa da 4,000 ɗin take soma ɓarna. Layin waya na da ya tsaya ne a 3,400. "Sata" da "fata" karinsu ɗaya, wasulansu ɗaya. Cire baƙin farko, me ya rage wa Kawu?

To, wannan saman da ya tafi, wato "hai firikwansi", me za mu kira shi?

Wani ya ce "sauti mai ƙarfi". A'a. Raɗa ba ta da ƙarfi, amma cike take da shi.

"Babbar mita" fa, tunda muna jin "mita 99.5 zangon FM"? Na yi tunaninta. Sai dai ka je kasuwar Kurmi ka ce wa dattijo matarsa tana da babbar mita, ka ga abin da zai fahimta.

"Sautin sama" ya fi kusa, amma ɗaliban Hausa na Bayero za su ɗauka karin sama ake nufi, wanda ma shi ne Kawu yake ji raɗau.

Ni dai na karkata ga "siririn sauti". Da ma muna cewa wance siririyar murya gare ta, wane muryarsa da kauri. Kukan gyare siriri ne, rugugin hadari kakkaura. Sai mu ce kowace murya, ko ta ƙaton namiji ce, tana da kaurinta tana da sirinta. Kaurin ke sanar da kai ana magana, sirin ke bambance maka kalmomi. Firikwansi kansa kuma "yawan kaɗawa".

Jiya na gwada a kansa. Na matso, na fuskance shi, na ce, "Kawu, siririn sauti ne ya daina shiga kunnenka." Ya yi shiru, ya ce, "Shi ya sa na daina jin gyare da daddare ke nan?"

Wanda yake da wadda ta fi, ya kawo kafin Laraba, ranar za mu naɗi shirin.