Android ko iPhone in za ka koma waje?

Abin da 'yan uwa a Agege suka fi nanatawa shi ne ka fara duba ƙasar da za ka. In Amurka ce iPhone ta fi sauƙi tunda da yawan mutanen can iMessage, manhajar saƙo ta iPhone, suke yi, amma fa tun daga iPhone 14 wadda ake sayarwa a can ba ta da wurin sa sim sai eSIM, wato sim marar kati da ake saukewa a cikin waya, to ka mayar da layin MTN ɗinka eSIM tun kana Legas saboda OTP na banki. Ingila kuwa WhatsApp ne, Android mai sim biyu ta isa. Ni dai Samsung na fi yarda da ita, don Tecno in ta lalace a Turai gyara wahala ne, babu irin Computer Village, kasuwar waya ta Ikeja, a can. Canza ƙasa a Google Play kuma sai ka sauka tukuna.