Waɗanda suka zauna a tsohon gari na kan tsauni, me kuka gani kafin ƙasa ta zaftare?

Sabon ɗan haya: Salamu alaikum jama'a. Gidan da na kama yana bakin gangare ne, kuma tun da damina ta kankama ƙofar ɗakin baya ta ƙi rufuwa. Mai gida ya ce katako ne ya kumbura. Wa ya taɓa ganin haka?

Magini: Wa alaikumus salam. Malam, duba bango tukuna. Tsagar da ta tashi daga kusurwar ƙofa ta hau sama a karkace ba ta filasta ba ce. Ni nakan shafa mata ɗan siminti in rubuta kwanan wata a gefe. In ya sake darewa, to ƙasa na tafiya. Na taɓa gyara wata katanga mai tare ƙasa, na tarar an liƙe ramukan fitar ruwanta kaf, wai don fenti ya yi kyau. Ruwa ya taru a baya, katanga ta yi ciki.

Ɗaliba a Italiya: Na je Civita di Bagnoregio na gani da idona. Garin yana kan dutse mai taushi, a ƙarƙashinsa yumɓu. Ruwa na cinye yumɓun, gefen dutsen ya rasa madogara ya ɓalle, wani lokaci har da gida. Yanzu ta gadar ƙafa kaɗai ake shiga. Craco kuwa, wani gari a kudancin Italiya, kufai ne: zaftarewar 1963 ta fara kwashe mutane, girgizar ƙasar 1980 ta ƙarasa.

Wata uwa: Ku daina ɗora wa damina kaɗai. Namu da rani ya faru. Bututun ruwa ne ya daɗe yana yoyo a ƙasa, muna ta mamakin ciyawar da ta yi kore shar a gindin gangare ko'ina a bushe. Daga baya falwaya ta karkata. Da asuba bayan gidan maƙwabta ya tafi, Allah Ya kiyaye ba kowa ciki.

Injiniya: Hajiya ta gama magana. Ruwa in ya cika ƙofofin ƙasa, nauyi ya ƙaru, riƙo ya ragu. Ko a Orvieto, wani gari na kan dutse a Italiya da aka yi wa doka ta musamman a 1978 don kare shi daga zaftarewa, ba ɗaure dutse da ƙarafa kawai aka yi ba, sai da aka gyara magudanai. Malam, siminti gwaji ne ba magani ba. Nemi injiniya ya duba gangaren, kuma daren da aka yi ruwa mai ƙarfi kada kowa ya kwana a ɗakin nan.