Muhawara a zauren zuri'a: wai wanda ya fara maganin fargaba ya fara ke nan?

Hajara: Assalamu alaikum. Shawara nake nema, don Allah kada a mayar da ita wasa. Kun san tun da aka tare motar su Baban Walid a hanyar Jibiya ban sake samun natsuwa ba. Shi Allah ya kuɓutar da shi, amma ni duk ranar da ya fita, waya na yin ƙara sai gabana ya faɗi, hannuna ya hau rawa. Ko a aji ina cikin koyarwa abin yana zo mini. An yi awon zuciya, an yi na jini har da na maƙoƙo, aka ce lafiya lau. Likita ya ce ciwon fargaba ne, ya rubuta mini sertraline, 25mg na mako guda sannan in koma 50mg. Na saya. Da na warware takardar cikin kwalin na ga jerin illolin, gaba da baya, sai na ninke ta na tura cikin durowa. Ko ƙwara ɗaya ban sha ba.

Kawu Sale: Wa alaikumus salam. Hajara ɗiyata, kin yi daidai. Irin wannan magani wanda ya fara ya fara ke nan, ba ya rabuwa da shi. Ƙwaya ce, sai dai likita ya sa mata hannu. Mu da idonmu muka ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa yaran unguwa, har sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Shi ma ai a asibiti ya faro.

Goggo Asabe: Ni kau na ce a kai ta a yi mata ruƙiyya tun farko. Tsoro ne ya shige ta. Mi ya kai faɗuwar gaba asibiti?

Malam Abdu: Goggo, a yi addu'a, a kuma sha magani, ɗaya bai kore ɗaya ba. Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Amma ko wannan yana kama jiki ko ba ya kamawa, ba fannina ba ne. Ga Yaya Bilki nan, fanninta ne.

Yaya Bilki: Yanzu na sauka daga aiki. Kawu, da girmanka, a nan ban yarda da kai ba. Abin da ke sa a kamu da tiramadol shi ne mutum ya sha, ba a jima ba ya ji garau, ya ji ƙarfi, gobe ya nemi irin wannan jin, jibi ɗaya ta daina isar sa ya koma biyu. Sertraline ba ta da wannan. Ba ta bugarwa. Yau ka sha ba ka jin wani daɗi, gobe ma haka. Sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninta sosai, wani lokaci ma ya fi haka in fargaba ce. Mai neman buguwa ba ya jiran wata guda.

Nura: Ni zan ba da shaidar kanti. Tun da na buɗe kemis ɗin nan na Ƙofar Ƙaura, masu zuwa bayan magariba su jingina da kanta, su rage murya, su jira kowa ya fita, abu uku suke tambaya: tiramadol, diazepam, ko Exol. In ce babu, su ƙara gaba. Ban taɓa ganin wanda ya rage murya yana neman sertraline ko 'yar'uwarta fluoxetine ba. Masu neman su da takardar likita suke zuwa, in tura su famasi, kuma kukansu ɗaya ne, tsada.

Kawu Sale: Nura, kai yaro ne. Don ba su zo kantinka ba ba shi ne babu su ba.

Anti Rabi: Bari in sa baki, tunda ni na sha, ba labari aka ba ni ba. Bayan rasuwar Baban Ummi aka ɗora ni a kan paroxetine, dangin sertraline ɗin ne. Ya yi mini amfani, ba zan yi ƙarya ba, shi ya dawo mini da barci da cin abinci. Amma Bilki, kada ki shafe wa yarinya magana sumul. Na je biki Daura na bar katin maganin a gida, na ce ai ba komai. Kafin mu dawo jiri ya hana ni miƙewa daga tabarma, ina juya kai sai in ji zir a cikin kaina kamar an taɓa ni da wayar lantarki, ga kuka ba dalili. Mutanen gidan biki suka ɗauka iska ce. Ina dawowa na sha, washegari na warware. To wannan mene ne sunansa?

Kawu Sale: Alhamdu lillahi. Ga shi nan daga bakin wadda ta sha. Ni mi na ce?

Yaya Bilki: Anti, abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Duk magungunan nan in aka yanke su rana ɗaya bayan an daɗe a kansu, jiki yana iya yin bore: jiri, tashin zuciya, mugun mafarki, saurin fushi, da wannan zir ɗin. Paroxetine na cikin waɗanda suka fi yin haka, saboda tana saurin fita daga jini. Fluoxetine da take daɗewa a jiki ba ta cika yi ba. Shi ya sa ba a dainawa kai tsaye, rage shi ake yi kaɗan-kaɗan, makonni ko watanni, likita na duba mutum. Amma Anti, in tambaye ki. Kin taɓa ƙara wa kanki ƙwara a kan abin da aka rubuta? Kin taɓa jin kwaɗayinsa?

Anti Rabi: Kwaɗayin me? Sau nawa Ummi ce ke tuna mini. Kuma na daina, an rage mini a hankali har na rabu da shi, yanzu shekaru. Sai dai ragewar ma ba ta zo mini da sauƙi ba, matakin ƙarshe sai da muka koma baya muka sake. Abin da ya ba ni haushi shi ne ba wanda ya gaya mini wannan ranar da aka fara ba ni.

Kawu Sale: To in jiki ya yi bore in an hana shi abu, ai ya kamu. Ku kira shi abin da kuke so.

Yaya Bilki: Kawu, ga wadda ta sha ta daina tana yi mana magana. Kai kuma ka ce wanda ya fara ba ya rabuwa da shi.

Kawu Sale: Mutum ɗaya.

Hajara: Ni fa ba wannan ne ya fi tayar mini da hankali ba. A takardar an rubuta wai yana iya ƙara fargaba. Maganin fargaba ya ƙara fargaba? Kuma a ƙasa an ce yana iya kawo tunanin mutum ya cutar da kansa. Nan ne na ninke.

Yaya Bilki: Na farkon gaskiya ne kuma yana faruwa da mutane da dama. Makon farko zuwa na biyu wasu suna jin rashin natsuwa ya ƙaru, barci ya yi wuya, zuciya na tashi, kai na ciwo, ciki ya ɗan lalace. Illar ce ke riga amfanin zuwa, shi ya sa da yawa ke jefar da shi a kwana biyar su ce bai karɓe su ba. Dalilin da likitanki ya fara da 25mg ke nan, don jiki ya saba kafin a ƙara. Yawancin waɗannan suna lafawa da kansu cikin mako biyu.

Na biyun kuma, hukumar kula da magunguna ta Amurka ce ta sa a riƙa rubuta gargaɗin a 2004 saboda yara da matasa, a 2007 ta faɗaɗa shi zuwa 'yan ƙasa da shekara 25. A wannan rukunin ne aka ga ƙaruwar irin wannan tunanin, a kaɗan daga cikinsu, musamman farkon shan magani ko in an canza yawansa. Ke kin haura talatin. Duk da haka ki gaya wa Baban Walid kin fara, ya sa ido. In kika ji irin wannan tunanin, ko kika kasa zama wuri ɗaya, ko kika ga kwana da kwanaki ba kya barci kuma ba kya gajiya, magana na ta zuba, ba jiran ranar asibiti, a ranar za ki koma.

Goggo Asabe: Innalillahi. Duk wannan a ƙwara ɗaya?

Nura: Goggo, in kika karanta takardar ibuprofen ma ba za ki sake sha ba. Doka ce ta sa su rubuta duk abin da aka taɓa gani. Amma Yaya Hajara, ga wadda ni na fi jin tsoro, don a nan garin ita ta fi kusa da mu. In kina kan sertraline, kada wani ya ba ki tiramadol don ciwon haƙori ko ciwon baya. Su biyun suna ɗaga sinadarin serotonin na ƙwaƙwalwa, in suka haɗu yana iya yin yawa: zazzaɓi, gumi, karkarwa, ruɗewa, har farfaɗiya. Ibuprofen da diclofenac kuma in ana yawan haɗa su da shi suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Duk inda za a ba ki magani ki fara faɗin abin da kike sha. Kuma ki saya a famasi mai rajista, ki duba lambar NAFDAC.

Anti Rabi: Akwai wata illar da ba ta gaban Kawu ba ce.

Kawu Sale: Na tafi masallaci.

Yaya Bilki: A dawo lafiya, Kawu. Zan faɗa a taƙaice tunda ilimi ne. Yana iya rage sha'awa a harkar aure, ga maza da mata, kuma wannan ba lallai ta wuce a mako biyu kamar tashin zuciya ba. Kunya ke sa mutane su yi shiru su daina magani a ɓoye. A faɗa wa likita, yana iya rage yawansa ko ya canza wani. Haka in akwai ciki, ko ana shirinsa, ko ana shayarwa, a faɗa tun kafin a fara.

Umar: Na karanta daga sama. Ni abin da ban ji an amsa ba shi ne tsawon lokaci. Kawu na da gaskiya ta wani ɓangare. In za ta sha shekara, wa zai biya? Malamar firamare ce. In kuɗi suka yanke a tsakiyar wata, ai abin da ya sami Anti Rabi a Daura ne zai same ta, ba da son ranta ba.

Yaya Bilki: Wannan tambaya ce mai kyau. Ana so a ci gaba aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, ga fargaba sau da yawa shekara guda, don in aka daina da wuri ciwon na dawowa. Dole a yi lissafinsa kafin a fara. Ta tambayi likita ko akwai mai rahusa da zai yi mata, ta kuma tambaya ko akwai mai yin maganin tattaunawa, wanda ake koya wa mutum yadda zai tunkari tunanin da ke tayar masa da gaba. Ga fargaba yana aiki sosai, sai dai masu yin sa ba su da yawa a wajenmu.

Kawu Sale: Na dawo. Ku bar batun jiri da tashin zuciya. Yarinyar nan tana da 'ya'ya mata. Gobe a ce uwarsu tana da kati a sashen masu taɓin hankali. Kun san garin nan.

Umar: Kawu, tun Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ta hana nuna wa mai irin wannan lalura wariya.

Kawu Sale: Umar, doka na hana matan unguwa magana a gidan suna?

Anti Rabi: Ba ta hanawa. Ni ma an yi da ni. Amma lokacin da nake kwana zaune ina kallon silin har asuba, ba matar unguwar da ta zo ta taya ni.

Hajara: Kawu, na ji ka, kuma na san don ni kake faɗa. Amma shekaranjiya a gaban yara na fita daga aji na tsuguna bayan ofis har sai da hedimasta ya aiko. Wannan ma ai ana gani. Yaya Bilki, da safe ake sha ko da dare? In azumi ya zo fa?

Yaya Bilki: Sau ɗaya ne a rana, lokaci ɗaya kullum. Ki fara da safe bayan kin karya, abinci na rage tashin zuciya. In kika ga yana sa ki barci, ki gaya wa likita a mayar da shi dare. Da azumi ana iya kai shi sahur ko bayan shan ruwa, amma ku shirya da likitan tun kafin watan ya kama. In kin manta rana ɗaya kada ki haɗa biyu washegari.

Kawu Sale: Ni dai ban sauka daga kan maganata ba. In har za ki sha, ki sa likitan ya gaya miki yaushe za a fara ragewa, kuma yaya za a rage, tun kafin ki haɗiye ta farko. In ya ce sai abin da hali ya yi, ki zo ki gaya mini.

Nura: Yaya Hajara, ki turo mini hoton kwalin ta gefe in duba ranar lalacewarsa. Kuɗin wata biyun farko ni da Umar za mu haɗa.

Umar: Kai, yaushe muka yi haka da kai?

Nura: Yanzu.