Self-hosted da Hausa: ni dai na tsaya a kan "kiwon gida"

Jama'a ƴan Kumasi masu harkar kwamfuta, ku zo mu gama wannan maganar yau. Ana koya wa yara a Aboabo yadda ake ɗora ThingsBoard a kan kwamfutar mutum, watau manhajar da ke tattara saƙon ƙananan na'urori, kamar wadda aka maƙala a tankin ruwa tana faɗa maka ruwa ya kusa ƙarewa, ko ta firizar masu kifi mai auna sanyi. Amma duk bayanin da aka yi da Hausa sai an zo kan self-hosted, watau ka ɗora manhaja ka kula da ita da kanka, a tsaya cak don ba mu da kalmarsa.

Saba (server), watau kwamfutar da manhajar ke zaune a kai, ba matsala, tuni muna da uwar garke. IoT kuwa, watau haɗa irin waɗannan na'urori da intanet, intanet ɗin kayayyaki ya ishe mu, Kevin Ashton da ya ƙirƙiro sunan a 1999 ma kayan cikin shago yake nufi.

Wani yayanmu a Asawase ya kawo "masaukin kai". Yaya ka yi haƙuri, ba ta zauna min ba, masauki na baƙo ne mai kwana biyu ya wuce, wannan kuwa abu ne da zai zauna wuyanka dare da rana. "Riƙon kai" kuma kunne zai tafi wajen halin mutum.

Ni na ce kiwon gida. Tunda uwar garke daga kiwo ta fito sai mu bi sawunta. In ka ba da kiwo wani ke ɗawainiya kai biya ne naka, haka yake in ka yi rajista a dandalin kamfani duk wata ana cirar maka dala. In kuwa kiwon gida ne to kai za ka saka Ubuntu, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ka saka Java da PostgreSQL da ThingsBoard ke buƙata ko ka bi ta Docker mai haɗo su a ƙunshe in kana son sauƙi, ka buɗe ƙofa (port) ta 1883 don na'urori su riƙa turo saƙo ta MQTT, tsarin da suke magana da shi, ka shiga shafin ta 8080 ka canza kalmar sirrin da ta zo da shi tun kafin ka sha ruwa, kuma ranar da dumso ya faɗo aka ɗauke wuta in ba ka da batir to komai ya mutu har wuta ta dawo, ba wanda za ka kira. Amma bayananka suna hannunka wallahi, ba mai rufe maka asusu ko ya ƙara kuɗi rana tsaka. Kalmar ta ɗauko daɗin da wahalar duka, shi ya sa nake sonta.

Wani malam ya tambaya, to wanda ya yi hayar uwar garke a Jamus ya ɗora da hannunsa fa? Allah gafarta malam gidan haya ma ai gida ne, mu nawa ne a zango ke zaune a nasu? Muddin kai ke sabunta manhajar kana ajiye kwafin bayanai, kiwon gida kake yi.

Ga yadda za a faɗa: "ThingsBoard ɗinmu na kiwon gida ne." Mai wata kalmar da ta fi ya ajiye a ƙasa, saura dashbod kuma, shafin da ke nuna maka bayanan na'urorin.