Gida ko kusa da makaranta, ga mai karatun likitan ido

Ƙanwata, na tambayi waɗanda suka yi optometiri, wato karatun likitan ido, a BUK kan ko ki zauna gida ko kusa da makaranta, yawancinsu cewa suka yi shekarun farko ki zauna gida abinki, kuɗin haya ya huta, abincin Mama na nan. Amma karatun shekara 6 ne, kuma da an fara zuwa kilinik, wato koyon duba marasa lafiya, a asibitin Malam Aminu Kano lissafi ya canza, ƙarfe takwas marasa lafiya na layi ke kina cikin adaidaita a go-silo, ki dawo magariba a gajiye ga jarabawa gobe. Wata ta ce ki haɗa kuɗin mota na wata guda ki gwada da na hostel kafin ki yanke. Ni dai ina bayan masu cewa ki matso kusa tun kafin shekarun kilinik, in Baba ya amince.