Neman shawara: wane mazaunin kibiya zan ɗaura wa bakana kafin a buɗe farauta?

Mai tambaya, daga Columbus, jihar Ohio:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni fara farauta da baka a nan Amurka.

Makonni biyu da suka wuce na sayi baka mai gargare a hannun wani abokin aikina da ya sayi sabo. Nauyin jansa laba 60, tsawon ja inci 28, da hannun dama nake ja. Ya haɗa mini da saiti, wato abin auna inda za a harba, da kwari da kibiyoyi shida, amma ya kwance mazaunin kibiya ya mayar kan sabon nasa. Ga wanda bai san abin ba, shi ne ɗan ƙarfen da ake ɗaurewa a jikin mariƙin baka, kibiya ta hau kansa tun daga lokacin da aka ɗana ta har ta tashi.

Na je shago aka ajiye mini iri biyu. Ɗaya zobe ne cike da gashi kamar burushi, da rami a tsakiya inda kibiya ke wucewa, Whisker Biscuit na kamfanin Trophy Ridge. Ɗayan mai faɗuwa ne, yana tallabe kibiya, da an saki sai ya kwanta ya ba ta hanya, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na farkon sau uku. Mai shagon ya fi karkata ga mai tsadar.

A nan Ohio ƙarshen Satumba ake buɗe farautar barewa da baka, yanzu muna tsakiyar Agusta. Daga kan bishiya zan yi harbi, a gonar wani manomi da ya ba ni izini, kuma ba na tsammanin zan wuce yadi 25. Kakana maharbi ne, a kan yatsansa yake ɗora kibiya, ban taɓa ganin ya nemi wani ƙarfe ba, shi ya sa abin ya ɗaure mini kai. Babban abin da nake tsoro shi ne in ji wa dabba ciwo ta gudu da kibiya a jikinta. Wanne zan ɗauka?

Amsa daga Wisconsin:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗauki mai gashin, ka rufe wannan babi. Shekara ta tara ke nan ina farauta a nan, shidan farko da shi na yi su.

Ranar da barewa ta fara tsayawa a ƙarƙashin bishiyarka, jikinka zai yi rawar da ba ka taɓa jin irinta ba. Ƙirji na dukan uku-uku, hannu na karkarwa, ga ka a tsaye a kan ɗan dandamalin da bai fi tabarmar salla ba, kana karkata baka ƙasa don ka samo ta a saiti. A wannan hali kibiya na iya zamewa daga mazauni ta bugi mariƙi, ƙas! Wannan ƙarar kaɗai ta isa, sai dai ka hango farar wutsiya tana shigewa daji. Mai gashi ya kewaye kibiyar ta ko'ina, ko ka kifar da bakan tana nan inda ka sa ta. Ba shi da igiya, ba shi da sifirin, babu abin da ke motsi a jikinsa balle ya ƙi aiki.

Abu biyu ka kula. Ramin tsakiyar girma-girma ne, akwai ƙarami da matsakaici da babba. Ka tafi shago da kibiyarka ka gwada, ta zauna sakwa-sakwa har kana hango ɗan haske a samanta, kada gashin ya matse ta. Na biyu, gashin ƙasa baƙi ne, ya fi sauran tauri, shi ke ɗauke da nauyin kibiya. In za ka ɗana, a cikin fikafikai ukun da ke gindin kibiya, wanda launinsa ya bambanta ya kalli sama, don kada ko ɗaya daga cikin ukun ya bi ta cikin baƙin.

Amsa daga Texas:

Yaya na Wisconsin, ina ganin girmanka, amma ba ka faɗa masa ɗaya ɓangaren ba. Ni 'yar gasar harbi ce, mijina ne mafarauci, ni nake saita masa baka.

A mai gashi, kibiya tana gogar mazauni tun daga kanta har gindi, fikafikai ma ta cikinsa suke ratsawa. In hannunka na hagu ya ɗan murɗa mariƙi a lokacin saki, duk murɗawar nan za ta bi kibiyar. Mai faɗuwa yana sakinta da wuri, saboda haka ya fi yafe kuskuren hannu, kuma fikafikai ba sa taɓa komai. Za ka iya sa masu murɗe sosai, waɗanda suka fi juya kibiya mai kan reza, wato kai mai kaifi na farauta. A mai gashi sukan yamutse in an daɗe ana harbi, na gashin tsuntsu kuwa ba sa daɗewa.

Maganar zamewa ma an magance ta. Ultrarest na kamfanin QAD yana da sanda a sama da ke rufe kibiya, ka ɗaga shi da babban yatsa tun kana zaune, ya riƙe ta. Ko ka ja ka fasa, ka sassauta a hankali, ba ya faɗuwa.

Amsa daga Wisconsin:

Gaskiya kika faɗa, Hajiya, ni ma mai faɗuwa nake amfani da shi yanzu. Amma bambancin da kike magana a kai sai an kai yadi 50 ko 60 yake fitowa fili. Shi yadi 25 ya ce.

Amsa daga Minnesota:

Malam mai tambaya, bari in ba ka labarin abin da ya same ni, ka auna da kanka.

Masu faɗuwa kashi biyu ne. Akwai wanda igiyarsa ke ɗaure a kebul, wato igiyar baka da ke gefen tsirkiya, wadda ke yin ƙasa in an ja baka. Shi sai an daidaita lokacinsa: ya gama miƙewa a daidai incin ƙarshe na ja, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba. Akwai kuma wanda igiyarsa ke ɗaure a reshen baka, wato ɓangaren da ke lanƙwasawa, irin na kamfanonin Hamskea da Vapor Trail. In ka ja, reshe ya lanƙwasa, igiya ta saki, sifirin ya ɗaga mazaunin. In ka harba, reshe ya koma ya fizge shi ƙasa. Wannan ya fi sauƙin ɗaurawa, ko a daji igiyar ta tsinke za ka iya ƙulla wata, sai dai doguwa ce, tana iya sarƙewa a ƙaya.

Nawa na kebul ne, ni na ɗaura da kaina a shekarata ta biyu, ban naɗe igiyar da zare da kyau ba. A hankali ta riƙa zamewa ban lura ba. Kwana huɗu kafin a buɗe farauta kibiyoyina suka fara watsewa, wannan ta yi sama, waccan ta yi gefe. Na yi ta taɓa saiti a banza. Wani dattijo a filin atisaye ya ce in shafa jambaki a gefen fikafikan in harba. Na harba ɗaya, muka duba, ga jan layi ɓaro-ɓaro a kan cokalin mazaunin. Ashe ba ya kwantawa a kan lokaci, fiffike na dukansa. Da a daji na gano haka, da wata dabba na raunata.

Ba laifin na'urar ba ne, amma ka sani mai faɗuwa yana son mai duba shi. Mai gashi ma yana da nasa: in ruwa ya jiƙa shi sanyi ya sauko, gashin kan daskare ya yi tauri, ya riƙa ƙara in kana ja. Mu nan farautar baka har ƙarshen Disamba take kaiwa, ku a Ohio har farkon Fabrairu, don haka za ka gamu da irin wannan rana. Ka riƙa murza shi da yatsa kafin ka ɗana.

Amsa daga Bauchi:

Ni ban taɓa riƙe irin bakanku ba, ɗana, amma na tashi a gidan maharba. Abin da ya sa kakanka bai nemi ƙarfe ba, kibiyarmu ta kyauro ce, ba ta da fiffike, ba abin da zai kama hannu. Kuma a kusa ake harbi, dafin da ke kanta ke ƙarasa aikin ko da a cinya ta samu. Ku ba ku da dafi, dole kibiyarku ta shiga inda ya kamata. Allah ya ba da sa'a.

Amsa daga Pennsylvania:

Baba na Bauchi ya taɓo inda maganar take. Ɗan'uwa, duk wanda ka saya a cikin biyun, in ba a saita shi ba, asarar kuɗi ka yi. Na ga mai gashi na araha yana tura kibiya ɗoɗar, na ga mai tsada yana tura ta tana kaɗa gindi kamar kifi.

Ga yadda nake yi. Daga gefe, kibiya ta ratsa daidai tsakiyar ramin kusar da ake ɗaure mazauni a jikin mariƙi, ta kwanta daidai wa daida da tsirkiya, ko gindinta ya ɗan ɗaga kaɗan. Daga sama, tsakiyar kibiya ta yi nisan 13/16 na inci daga mariƙi, wajen milimita 20 ke nan. Nan ake farawa a yawancin bakuna, ka duba takardar naka ka tabbatar.

Sai gwajin takarda. Ka shimfiɗa farar takarda a firam, katifar harbi a bayanta, ka tsaya kamar taku biyu ka harba ta ciki. Abin da kake nema rami ɗaya ne zagayayye da tsaga uku na fikafikai kewaye da shi. In yagewar ta nuna gindi ya yi sama, ɗaga mazauni kaɗan. In gindi ya yi hagu, kai da kake ja da dama, matsar da shi dama. Kaɗan nake nufi, 1/32 na inci, bai kai milimita ɗaya ba. Sassauta da alanki, taɓa, ɗaure, sake harbawa. Ka gyara sama da ƙasa tukuna kafin hagu da dama.

Na ƙarshe shi mutane suka fi tsallakewa. Ka harba kan atisaye da kan reza a yadi 20, su sauka wuri ɗaya. Kan reza yana kama iska kamar fiffike, ɗan karkacen da kan atisaye ya ɓoye shi zai tona. In na reza yana sauka hagu da na atisaye, matsar da mazauni dama kaɗan, har su haɗu. Dokar Ohio ta ce kan ya kasance da kaifi biyu aƙalla, faɗinsa bai gaza 3/4 na inci ba, baka kuma bai gaza laba 40 ba, naka ya wuce.

In ka yi ta gyara yagewar ta ƙi, ka duba taurin kibiyoyin da aka ba ka. A laba 60 da inci 28, yawanci 340 ko 400 za ka gani a rubuce a jikinsu. Kuma tunda bakan na hannu ne, a duba maka tsirkiya da kebul kafin komai. In sun miƙe, saitin yau ba zai kai mako biyu ba.

Amsa daga Maryland:

Ƙari kaɗan ta fuskar addini, tunda tsoronka na raunata dabba ne. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bambanta abin da makami ya huda da kaifinsa da abin da ya buge da faɗinsa: na farko a ci, na biyu ba a ci. Kibiyar da ta tashi a karkace ƙarfinta a gefe yake tafiya, ba ta shiga da zurfi. Ka yi bisimilla a lokacin saki, in ka tarar da ita da sauran rai ka yanka.

Mai tambaya, daga Columbus:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta sau biyu. Hajiya, hujjarki ta shige ni, in Allah ya kai mu baɗi na fara atisaye a nesa zan dawo gare ki kan mai faɗuwa. Bana dai makonni shida suka rage, ban iya daidaita igiya ba tukuna, kuma labarin jambakin nan ya tsaya mini a rai.

Yau bayan aiki na koma shagon da kibiya ɗaya, matsakaicin mai gashi ne ya yi mata daidai, shi na saya. Sun duba tsirkiyar suka ce ta fara tsufa, na bar bakan a can a sauya ta da rarar kuɗin, ranar Alhamis zan karɓo. A jikin kibiyoyin 340 aka rubuta. Yaya na Pennsylvania, Asabar da safe zan yi gwajin takarda a bayan gidan manomin, zan turo maka hoton yagewar farko kafin in taɓa ko kusa ɗaya.